Kafin ka zura katinka: kayan aikin ƙera shafin intanet da suka dace da kasuwarmu ta Saudiyya

Ɗan yayata ya iso gidana a Jidda bayan isha'i, kwamfuta a hammata, sabuwa fil, ko ledar jikin allon bai ɓare ba. Ko zama bai gama yi ba ya ce, "Kawu, na gama kwas ɗin nan. Yanzu wanne zan biya, wanne zan bari?" Ya miƙo mini takarda, manhajoji goma sha ɗaya ya jera, duk malamansa na YouTube sun ce dole ne. Na ɗauko biro muka yi lissafi. A nan lissafin dala ba ya wahala, tun 1986 riyal yake ɗaure a 3.75. Manhajar da ke cin dala 20 a wata riyal 75 ce, a shekara 900 ke nan, kafin a ɗora harajin kashi 15 da ake karɓa tun Yulin 2020. Muna kaiwa ta huɗu yaron ya ajiye shayinsa. Kwastoma ko ɗaya bai samu ba tukuna.

Waɗanda suka koyar da shi ba ƙarya suka yi ba, kasuwarsu ce daban. Mai ƙera shafi a Landan harshe ɗaya yake fama da shi, hagu zuwa dama, mai saye kuma ya biya da Visa a wuce wurin. Mu a nan aikin da ke zuwa hannunmu na mai abaya ne a kasuwar Bab Sharif ta Jidda, na mai turare da dabino a Makka, na mai kamfanin kago da ke lodin kaya zuwa Kano da Maraɗi. Rabin masu sayensu Larabci suke karantawa, rabi Hausa, wasu da riyal suke biya, wasu da naira ko sefa. Shi ya sa na daɗe da ajiye wata 'yar takarda ta gwaji mai layi uku. Layi na farko Larabci ne da lambar waya da sunan kamfani na boko a tsakiyarsa. Na biyu Hausa ne: "Ɗanladi ya ɓata ƙwaryar Ƙanwa," da ƴ ɗin da mutanen Nijar suke rubutawa a inda mu muke sa 'y. Na uku farashi ne da riyal. Duk manhajar da za ta ci kuɗina, sai na liƙa mata layukan nan na ga yadda za ta yi da su. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma da yawa daga masu tsadar a nan suke faɗuwa.

Wajen zane

Kafin a gina shafi ana zana shi, kwastoma ya gani ya ce a'a, a gyara. A nan Figma ce ta mamaye fili. A cikin burauza take aiki, ba ruwanta da irin kwamfutarka, kuma kana iya tura wa Alhaji mahaɗi ta WhatsApp ya buɗe a wayarsa yana shago. Shekaru ta yi tana juya Larabci baibai, sai mun haɗa da wasu 'yan dabaru, amma tun 2022 ta gyara, yanzu rubutun dama zuwa hagu yana zama daidai. Tsarinta na kyauta ya ishi mai aiki shi kaɗai na tsawon lokaci. Ranar da aiki ya yi yawa, ranar ce za a yi maganar biya.

Adobe XD kuwa kada ka ɓata lokacin koyonta. A 2022 Adobe ta yi yunƙurin sayen Figma kan dala biliyan 20, hukumomin Turai da Ingila suka tsaya kai da fata, cinikin ya rushe a Disambar 2023, ita kuma XD an bar ta ba a ƙara mata komai. Wanda ba ya son ajiye aikinsa a hannun kamfani ɗaya ya duba Penpot, ta wani kamfani a Sifen, kyauta ce kuma kod ɗinta a buɗe yake. Ba ta kai Figma santsi ba, amma tana aiki.

Canva daban ce, kuma mutanenmu sun fi saninta. Wajen fosta, tallan Instagram, katin barka da salla, babu kamarta a sauƙi. Tana ma iya fitar maka da ɗan shafi. Amma shafin da za a yi ciniki a kansa shekara da shekaru ba aikinta ba ne. Ni ita ce kaɗai nake ba kwastoma shawara ya biya da kansa, don ya daina kirana ƙarfe sha ɗayan dare a canja masa farashin turare a hoto.

A kan me za a gina

Nan ne kuɗi suke shiga ko su salwanta, don haka tambayar farko da nake wa mai shago ita ce: masu sayenka a ina suke zaune?

Idan a cikin Saudiyya suke, maganar Mada ce. Katin bankin kowa ne a nan, kuma shafin da ba ya karɓar Mada da Apple Pay tamkar shago ne da aka rufe ƙofarsa aka bar taga. Ga kuma biya kashi-kashi ta Tabby da Tamara, wanda matasa suka saba da shi har suna nemansa kafin su duba kaya. A wannan fagen dandalin gida sun fi na waje. Salla a Makka aka kafa ta a 2016, Zid a Riyad a 2017. Dukansu da Larabci aka haife su, ba daga baya aka juya su ba, kuma a haɗe suke da hanyoyin biyan kuɗi na ƙasar da kamfanonin kai kaya irin su SMSA da Aramex. Sun kuma san da zaman rasit ɗin lantarki na hukumar zakka da haraji, wanda aka fara tilastawa a Disambar 2021. Wanda ya taɓa zaman gyara wannan da hannu a wani dandali ya san darajar a same shi a shirye.

Tsakanin su biyun, ni na fi miƙa ƙaramin ɗan kasuwa ga Salla, don tana da matakin farawa da ba a biya, mutum ya taɓa ruwa kafin ya shiga. Zid na fi ganinta a hannun masu shago da ma'aji da ma'aikata. Aibinsu ɗaya ne a wurinmu: gidan haya ne. Kana iya yin fenti, ka canja labule, amma ba ka rushe bango. Mai son zane ya fita daban zai ji an ɗaure masa hannu, sai dai idan ya koyi ƙera samfurin shago na dandalin, wato shiryayyen fasalin shafi, wanda shi ma sana'a ce mai kawo kuɗi. Hausa kuma sai dai ka cusa ta a bayanin kaya, maɓallan shagon da Larabci ko Turanci za su fito.

Wani abu da ba na fasaha ba, amma ya fi fasahar muhimmanci. Kamfanonin karɓar kuɗi ba sa buɗe wa shago ƙofar Mada sai da takardun kasuwanci, sijil, wato rajistar kasuwanci, ko makamancinsa. Idan kai mai iƙama ne, wato baƙo mai takardar zama a ƙasar, kada wani ya lallaɓe ka a buɗe shago da sunan wani kai kana juya shi a ɓoye. Dokar tasattur, mai hana irin wannan ɓoyen, ba wasa ba ce, kuma ba a kan mutum ɗaya take faɗawa ba. Aikinka ƙera shafi, shagon da takardunsa da asusun bankinsa na mai shi ne.

Shopify ta Kanada ta fi su kyan samfura da yawan kayan ƙari, kuma idan kaya za su tafi Turai ko Amurka tana da amfani. Amma da dala ake biyanta duk wata, Mada sai ka nemo wani kamfani ya shiga tsakani, samfuranta kuma ba duka suke juyawa dama zuwa hagu da kyau ba. Na ga shafin da aka kashe wa kuɗi sosai, kibiyar "gaba" tana nuna baya.

Sai WordPress, tsohuwar zuma. Tun 2003 take, kuma sama da kashi 40 na shafukan duniya a kanta suke. Ita filinka ce, ba haya ba. Makaranta, kamfanin kago, ƙungiya, malamin da ke son ajiye karatuttukansa, duk nan nake kai su, don a nan ne kaɗai zan iya jera Larabci da Hausa da Turanci kowanne da maɓallansa, da taimakon Polylang ko WPML. Idan ana son ciniki a ɗora WooCommerce, a haɗa da Moyasar ko HyperPay ko Tap don Mada. Sai dai mai fili shi ke gadi. Sabunta manhaja, ajiye kwafi, toshe ɓarayi, duk a wuyanka. Kuma ina roƙonka, samfuran sayarwa da wasu ke rabawa kyauta a Telegram, ka bar su inda ka gan su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sau biyu ana kawo mini shafi na tarar an dasa masa tallan caca a ƙarƙashi, mai shi bai sani ba sai da Google ta fara gargaɗin masu shiga.

To, idan masu sayen a Kano suke fa? Nan ne yara suke yawan yin asara. Wata Hajiya da ke aika abaya da turare gida ta zo mini da maganar shago na zamani, mai kwando da wurin biya. Na ce, "Hajiya, cikin masu sayenki mutum nawa ne ke da Mada?" Ta yi dariya ta ce, "Ɗan nan, ai alat suke turowa asusun ƙanena a Kano, su aiko mini hoton rasit." Shi ke nan magana ta ƙare. Abin da take buƙata shafi ne guda mara nauyi: hotuna, farashi, ranar tashin kago, da koren maɓallin da zai kai mutum WhatsApp ɗinta da sunan kayan a rubuce. Irin wannan da hannu nake rubuta shi a manhajar rubuta kod ta VS Code, na ɗora a Cloudflare Pages ko Netlify, dukansu suna da matakin kyauta da ya ishi irin wannan. Ranar da cinikin ya girma har ana son karɓar naira a kan shafin, akwai Paystack da Flutterwave, amma su da asusu da takardun Najeriya suke aiki, ɓangaren ƙanen nata ke nan.

Mai rubuta kod da hannu ya riƙe abu biyu. Bootstrap, shiryayyen kod na tsara shafi, tun fitowa ta 5 tana da fayil na musamman na dama zuwa hagu. Sannan a CSS, kod ɗin da ke tsara fasalin shafi, ka saba da margin-inline-start maimakon margin-left, don shafin ya juya da kansa idan ka sa dir="rtl". Wannan ɗabi'ar kaɗai ta rage mini rabin aikin shafi mai harshe biyu.

Haruffa

A nan nake daɗewa, don a nan ake gane shafin da Bahaushe ya yi da wanda aka yi wa Bahaushe. Google Fonts kyauta ne, kuma akwai kyawawan salon Larabci: Cairo, Tajawal, Almarai, IBM Plex Sans Arabic, da Amiri mai kama da bugun tsofaffin littattafan Misira, wanda ya dace da shafin karatu. Matsalar ita ce da yawa daga cikinsu ɓangarensu na boko bai san ɓ da ɗ da ƙ ba. Sai ka ga kalmar "ƙasa" harafin farko ya fito da wata siffa daban kamar baƙo a cikin sahu, ko ya zama ɗan akwati. Wasu sai su gudu daga matsalar su cire lanƙwasar gaba ɗaya, "ƙafa" ta koma "kafa", "ɗaki" ya koma "daki".

Maganin ba kuɗi ba ne. Ka ba kowane harshe nasa salon. Na Hausa, Noto Sans ba ta taɓa ba ni kunya ba, dama don kawar da akwatunan nan Google ta ƙirƙiro dangin Noto. Andika da Charis da Gentium na cibiyar SIL su ma an yi su da harsunan Afirka a zuciya. Ka tabbata ka gwada manyan haruffa, Ƙ da Ɗ da Ɓ, da kuma rubutu mai kauri, don wani salon yana da ƙananan ya rasa manyan. Wanda zai sa ajami kuwa, akwai Alkalami, wanda aka zana shi a kan rubutun Kano, da Harmattan na salon Afirka ta Yamma. Na taɓa sa Alkalami a kan shafin wata makarantar allo, wani dattijo ya daɗe yana kallon wayar, ya ce wannan ai hannun malaminsu ne.

Larabci kuma yana da ladubbansa. Ba a buɗa tsakanin haruffa, don sarƙe suke, ana buɗawa suna tsinkewa. Ba a karkata shi. Yana son ya ɗan fi boko girma da sarari tsakanin layuka. A watan Fabrairun 2025 aka amince da sabuwar alamar riyal, kwastomomi sun fara nemanta a gefen farashi, amma ba kowane salon rubutu ne yake da ita ba, don haka sau da yawa a matsayin ɗan zane nake sa ta. Kwanan wata na Hijira kuwa, ka tabbata lissafin Ummul Ƙura manhajar take bi, shi ne na hukuma a nan.

Masauki da suna

Araha ba ta ado. Na taɓa kwashe shafukan kwastomomi huɗu na kai wani kamfanin masauki, masu ajiye shafi a intanet, saboda rangwamen shekarar farko. Ban karanta ƙaramin rubutun ba. Shekara na zagayowa kuɗin ya ninka, sannan a goman ƙarshe na Ramadan, lokacin da mai dabino yake cinikin shekara, shafin ya kwanta kwana biyu. Masu amsa ƙorafi suna wata nahiya suna barci lokacin da muke tsaye. Tun daga nan abu uku nake dubawa kafin farashi: nawa ne kuɗin sabuntawa, suna ajiye kwafi kullum, kuma mutum ne zai amsa ni ko na'ura. Makullin tsaro na https kada ka yarda a sayar maka, Let's Encrypt kyauta take bayarwa kuma masaukin kirki da kansa yake sakawa. Ka kuma bi da shafin ta Cloudflare, tana da na'urori a Jidda da Riyad, buɗewa yana sauri.

Idan shafin zai karɓi bayanan mutane, lambar waya, adireshi, balle hoton fasfo ko iƙama kamar yadda masu kago suke nema, ka sani dokar kare bayanan mutum ta fara aiki a Satumbar 2023, wa'adin gyara ya ƙare a Satumbar 2024. Abin da ba a buƙata kada fom ɗinka ya tambaya.

Suna mai ƙarewa da .sa yana ƙara wa shago kwarjini a idon ɗan ƙasa, amma sai da takardu ake samunsa. Na .com kowa yana iya saye. Ko wanne ne, da imel ɗin mai shagon za a yi rajista, ba naka ba. Na san zumuncin da ya lalace a kan wannan: yaro ya koma gida, sunan shafin yana hannunsa, lambarsa ta Saudiyya ta mutu, shekara ta cika suna ya faɗi.

Hotuna kuwa, Unsplash da Pexels kyauta ne, amma mai neman abaya ba ya son ganin baturiya a bakin teku. Ka ɗauki kayan da wayarka kusa da taga da hantsi, ka gyara a Photopea, wadda ke buɗe fayil ɗin Photoshop a burauza ba ko sisi, ka matse a Squoosh ko TinyPNG. Sannan ka auna saurin shafin a PageSpeed Insights, ka kuma tura wa wani a gida ya buɗe da datarsa. Intanet ɗin Jidda yana ɓoye aibi. Hoton da ya buɗe maka nan take, a Kurna ko Damagaram sai mutum ya gaji ya fita.

Karatu bai kamata ya ci maka ko riyal ba a shekarar farko. MDN ta Mozilla ita ce ƙamus ɗin sana'ar, freeCodeCamp tana ɗaukar mutum daga tushe. Yaranmu da suka tashi a nan Larabci ya fi zama musu, su duba dandalin Satr na makarantar Tuwaiq da darussan Elzero a YouTube. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna taimakawa wajen kod, ina amfani da su, amma Hausar da suke rubutawa sai ka bi ta da jan biro, wani lokaci ma Hausar fassara ce da ba mai cewa haka a kasuwa.

Daga cikin sha ɗayan nan na ɗan yayata, guda kaɗai muka yarda ya biya a ranar, sunan shafi na shekara ɗaya. Aikinsa na farko na Hajiya mai abaya na ba shi. Bayan sati biyu ya kai mata a waya, ta sa tabarau ta yi ta gungurawa har ƙasa, ta dawo sama. Ta ce, "Yayi kyau, ɗana. Amma wannan baƙar ta Dubai ka sa 180, ai 160 ce. Kuma maɓallin nan ka ƙara masa girma, masu sayena yawancinsu sa'o'ina ne."